A Bar Jikoki Su Zauna da Kakanninsu Masu Gigin Tsufa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda muke raba ƙananan yara da tsofaffinmu da zarar gigin tsufa ya kama su.

Da tsohuwa ta fara maimaita tambaya ɗaya, ko ta kira ɗanta da sunan ƙaninta da ya daɗe da rasuwa, sai ka ji ana cewa, "Ku ƙyale Kaka, ba ta da lafiya." A mayar da ita ƙuryar ɗaki, a riƙa miƙa mata abinci, shi ke nan. A wasu gidajen ma har a fara raɗe-raɗin aljanu ko maita. Alhali kuwa cuta ce ta ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da ita, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita irin namu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, ƙasashen da suka riga mu ware tsofaffi a gidajen kula su ne yanzu suke kashe kuɗi don dawo musu da yara. A unguwar Edogawa da ke birnin Tokyo akwai wani gida mai suna Kotoen, wanda tun 1976 ya haɗa gidan tsofaffi da wurin renon yara. Da safe tare suke motsa jiki. A birnin Seattle na Amurka, gidan tsofaffi na Providence Mount St. Vincent ya buɗe makarantar yara a cikin gininsa a 1991, yaran suna shiga wajen tsofaffin a yi waƙa da zane da hira. Landan ta bi sahu a 2017 da makarantar Apples and Honey Nightingale. Wanda ya fi burge ni shi ne aikin wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Cameron Camp, wanda a shekarun 1990 ya sa masu cutar mantuwa su zama su ne malamai: tsoho ya zauna ya koya wa yaro ware abubuwa gida-gida ko zuba hatsi da cokali, bisa tsarin koyarwa na Montessori. Mutumin da aka ɗauka ya gama amfani, sai ga shi yana koyarwa cikin natsuwa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Cutar takan fara cinye abin da ya faru ɗazu ko jiya, amma abin da aka haddace tun ƙuruciya da aikin da hannu ya saba sukan daɗe ba su tafi ba. Shi kuma yaro ba ya yi wa tsoho jarrabawa. Mu manya ne muke shiga da "Kin gane ni? Wane ne ni?" har mu sa ta jin kunya ta yi shiru. Yaro ɗan shekara huɗu, ko sau nawa aka ba shi labarin Gizo, daɗi yake ji.

Na ga haka da idona a gidan maƙwabtanmu. Tsohuwarsu ta kai ba ta tuna ko ta ci abinci, yini take a zaune tana murza gefen zanenta. Surukarta ce ta yi dabarar ajiye mata faifan gyaɗa da hantsi, ta zaunar da jikoki biyu a tabarmarta. Sai ga yatsun nan suna ɓarar gyaɗa tiryan-tiryan, tana kama hannun ƙaramar tana nuna mata inda za ta danna. Namijin kuwa tana ta tsokanarsa da "maigidana, ina cefanena?" Sunansa ya ɓace mata, amma wasan jika da kaka yana nan daram. In yaran suka fara biya ƙananan surori, sai ta kama tare da su har ƙarshe.

Ba cewa nake wannan magani ne ba. Cutar ba ta warkewa da zaman yara, kuma dole a kai mara lafiya asibiti. Haka nan akwai ƙa'ida. Kada a bar yaro shi kaɗai a matsayin mai jinya. Babba ya kasance a wurin. Zaman ya zama gajere, kuma da safe, domin da yawa daga cikin masu wannan cuta ruɗewarsu tana ƙaruwa da yamma. Ranar da tsoho ya tashi da faɗa, a ɗaga zuwa gobe. Yaro mai mura ya dakata. A kuma fahimtar da yaran cewa Kaka ciwo take yi, don kada wasa ya koma tsokanar da mukan gani a titi, yara suna bin tsohon da ya ɓata hanya da ihu.

Gidajen gandu suna watsewa, kowa ya kama hayar ɗaki biyu a birni, jikoki sai da Sallah suke ganin kakanni. Saboda haka ina kira ga malaman Islamiyya da na makarantun nazare su tsara kai yara ƙalilan gaisuwa gidajen tsofaffin unguwa, da yardar iyaye. Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa da ke Abuja, wadda ta fara aiki a 2021, ita ma ya kamata ta sa wannan cikin shirye-shiryenta. Limamai kuma su taɓo batun a huɗuba, musamman dab da 21 ga Satumba, ranar tunawa da cutar mantuwa ta Alzheimer ta duniya. Kai kuma mai karatu, in akwai irin wannan tsoho a gidanku, don Allah gobe da hantsi ka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida ka kira masa jikokinsa.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Tudun Wada, Zariya