Kaushin Murya: Na Koyo da Na Ciwo

Akwai muryar da mai sauraro kan ji kamar an gurza ta da tsakuwa, amma ita ce ke ratsa zuciya. Irinta ce ta fito da Louis Armstrong na Amurka, har yau ana gane shi da buɗe baki ɗaya. Matasa da dama masu sha'awar waƙa na neman wannan kaushi ta hanyar matse maƙogwaro da kurma ihu, wasu har da shan taba. Nan ne kuskuren yake, domin kaushin murya iri biyu ne, na koyo da na ciwo.

Ɗaliban ilimin furuci sun san tantanin maƙwallato, wato 'yan tsokoki biyu da iskar huhu ke kaɗawa su haifar da sauti. A maganar namiji sukan kaɗu sau ɗari da 'yan kai a daƙiƙa guda, a ta mace kuwa kusan sau 200. Idan aka dinga gwara su da ƙarfi, sai su kumbura, su yi kanta kamar tafin hannun manomi. Daga nan ba sa haɗuwa daidai, iska na zurarewa, murya ta dushe. Wannan shi ne na ciwo.

Na koyo kuwa daga sama da tantanin yake fitowa. Akwai wasu naɗe-naɗen nama guda biyu a bisansa, waɗanda mawaƙan Tuva da ke ƙasar Rasha suka daɗe suna kaɗawa a salon da suke kira kargira, su fitar da gurnani mai zurfi ba tare da sun shaƙe kansu ba. Sirrin shi ne numfashi daga ciki, sakin wuya da muƙamuƙi, da farawa da ƙaramar murya, a bar makirfo ya ɗauki nauyin ƙara.

Masu kafa hujja da Bonnie Tyler su tuna cewa kaushinta ya biyo bayan tiyatar da aka yi mata a shekarun 1970. Ita ta dace, amma ba kowa ke dacewa ba. A 2011 Adele ta soke wasanninta saboda zubar jini a tantaninta, sai da aka yi mata aiki a Boston. Julie Andrews kuwa, tun daga tiyatar 1997 muryar waƙarta ba ta koma yadda take ba.

Don haka ma'aunin mai sauƙi ne. In akwai zafi, ƙaiƙayi ko tari, a dakata. A motsa murya a hankali kafin hawa dandamali, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. A yawaita shan ruwa, musamman da hunturu, a magance ƙwannafi, kuma a guji raɗa idan murya ta gaji, domin ita ma tana wahalar da tantanin. Dushewar da ta haura mako uku ta likitan kunne, hanci da maƙogwaro ce, ba ta zuma da citta kaɗai ba. Makaɗi na iya sauya fatar kalangunsa idan ta fashe, amma mawaƙi da tantani ɗaya zai ƙare rayuwarsa.