Raddi ga masu cewa ƙasar nan ta yi barcin shekara 300

Akwai wata magana da ta samu gindin zama a Yamai. Ana jin ta a bakin ɗaliban jami'a a Harobanda, ana jin ta a fadojin shayi bayan isha'i, wani lokaci har a rediyo in an gayyato masu sharhi. Maganar ita ce wai daga wajen 1500 zuwa 1800, lokacin da Turai ke buga littattafai da inji, Martin Luther ya ja daga da cocin Roma a 1517, jiragen ruwa suka isa Amurka, ƙasashen Hausa da Songhai da Abzin da Barno barci suke ta shara.

Masu faɗin haka kashi biyu ne. Wasu ƴan boko ne, suna cewa Faransa ce ta zo ta tashi mutane. Wasu masu wa'azi ne, suna cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne ya tashe su a 1804. Sun saɓa a kan wanda ya yi tashin, amma a kan barcin bakinsu ɗaya. Hujjojinsu shida ne, kuma kowace tana da amsa.

Hujja ta farko: wai babu ilimi a lokacin sai haddar allo da tsubbu.

Sai a tambaye su, wa Jalaluddin Suyuɗi yake rubuta wa wasiƙa daga Alƙahira? Malamin da ya rasu a 1505 ya aika da nasiha ga sarakunan Takrur, ya ambaci Sarkin Agadas Muhammadu ɗan Sattafan da Sarkin Katsina Ibrahim. A 1493 wani malami, Muhammadu al-Lamtuni, ya tura masa jerin tambayoyi daga wannan yanki, a kan haraji da alƙalai da sha'anin mata da bokaye. A daidai wannan zamani Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili, mutumin Tilimsan, ya karantar a Takadda da Abzin, ya wuce Kano da Katsina, sannan Gawo. Almajirinsa al-Aƙib na Anu Samman, kusa da Takadda a Nijar ta yau, ya yi karatu wurin Suyuɗi ma, ya kuma kai matsayin da Askiya na Songhai ke aiko masa da tambayoyi. Su Magili da Suyuɗi sun yi musayar baitoci a kan ilimin manɗiƙi: Suyuɗi ya haramta shi, Magili ya kare shi. Almajiran Abzin sun zauna gaban malaman biyu.

Bayan su ga Ɗan Marina da Ɗan Masani a Katsina cikin ƙarni na 17, ga Abdullahi Suka a Kano. Ga Muhammadu al-Kashinawi, Bafulatanin Katsina, masanin lissafi da taurari, wanda ya rubuta littafi a kan hatimai masu jeren lambobi da jimillarsu ke zuwa daidai ta kowane gefe. Ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin babban marubucin tarihin Masar. Gidan da ya sauke shi gidan masana ne, kuma a matsayin malami suka karɓe shi.

Hujja ta biyu: wai sarauta ba ta sauya ba, sarki ya mutu ɗansa ya hau, shi ke nan.

Abin da ya faru a Songhai a 1493 kaɗai ya isa ya rushe wannan. Askiya Muhammadu, wanda jarumin yaƙi ne ba ɗan gidan Sonni ba, ya ture Sonni Baru ɗan Sonni Ali, ya tafi hajji a 1496, ya dawo da laƙabin halifan Takrur. Da yake ya san ƙarfin takobi bai isa hujja ba, sai ya zaunar da Magili ya jera masa tambayoyi. Mene ne hukuncin sarkin da ke furta shahada amma yana yanka wa duwatsu da itatuwa? Dukiyar da ya ƙwace halal ce ga wanda ya gaje shi? Ta yaya ake gane malamin kirki daga malamin da ke sayar da fatawa? Waɗannan tambayoyi ne a kan inda halaccin mulki yake fitowa, irin waɗanda Turawa suka zub da jini a kansu a ƙarni na 16 da na 17.

A Kano, Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya gina sabuwar fada, ya kafa kasuwar Kurmi, ya tsara majalisar Tara ta Kano, Magili kuma ya rubuta masa littafi a kan wajibcin sarakuna. Wajen 1516 Kanta ya ɓalle daga Songhai ya kafa Kabi, ya zagaye Surame da ganuwar dutse. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu al-Mubarak, ya ƙwace Adar daga hannun Kabi, aikin da Farfesa Djibo Hamani ya yi wa dogon nazari. A tsakiyar ƙarni na 18 Gobirawa ƙarƙashin Babari suka ci Zamfara suka kafa Alƙalawa. Duk wanda ya ɗora taswirar 1500 a kan ta 1780 zai ga manyan birane sun ƙaura, hanyoyin fatauci sun karkata, dauloli sun faɗi wasu sun tashi.

Hujja ta uku: wai hamada ta rufe ƙasar, ba ta san abin da duniya ke ciki ba.

Mai Idris Alauma na Barno ya aika jakadu Istambul wurin Sultan Murad na Uku a shekarun 1570, ya kawo Turkawa masu koyar da harbin bindiga, ya tsare hanyar Kawar da Bilma. Limaminsa Ahmad ɗan Fartuwa ya rubuta labarin yaƙoƙinsa tun yana raye. Takardar da malamai ke rubutu a kanta, mai tambarin jinjirin wata uku, daga masana'antun Italiya take zuwa ta Tarabulus da Masar. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya bayyana Agadas da Gobir da Katsina da Kano a littafin da aka buga a Venis a 1550, ya kuma ba da labarin cewa a Tambutu cinikin littafi ya fi sauran haja riba.

Masifar 1591 ita kanta shaida ce. Ahmad al-Mansur na Maroko, wanda ya hau mulki ranar da aka karya Fotugal a 1578, yana musayar wasiƙu da Sarauniya Elizabeth ta Ingila, ya kuma kwaɗaitu da zinariyar Sudan da gishirin Tagaza. Ya turo Judar Basha, haifaffen Sifen, da mayaƙa kimanin 4,000, da yawansu masu bindiga, suka karya Askiya Ishaƙ na Biyu a Tondibi. Askiya Nuhu ya ja da baya zuwa Dandi, kudu da inda Yamai take yau, ya shafe shekaru yana yi musu kwanton ɓauna a kurmi da fadama. Siyasar tekun Bahar Rum ta iso har bakin kogin Isa, mutanen bakin kogin kuma sun mayar da martani.

Hujja ta huɗu: wai ko da akwai malamai, kwaikwayo kawai suke yi, suna maimaita Risala da Muhtasar.

Taba ta ƙaryata wannan. Ganye ne daga Amurka, babu shi a littafin Imamu Malik, babu shi a Muhtasar. Da ta iso Maroko da Tambutu a ƙarshen ƙarni na 16, sai da malamai suka yi ijtihadi. Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta risala a 1607 ya halatta ta, bisa cewa ba ta gusar da hankali. Muhammadu al-Wali na Bagarmi, a ƙarshen ƙarni na 17, ya rubuta tasa ya haramta ta. Muhawarar da ake yi a Istambul da Alƙahira ita ake yi a nan, da hujjojin gida.

Wadda ta fi wannan nauyi ita ce fatawar Ahmad Baba ta 1615 a kan bauta. Shi kansa ya ɗanɗani ɗauri: an kama shi a 1593, aka kai shi Marakish cikin mari, aka wawashe littattafansa da ya ce sun kai 1,600, bai koma gida ba sai 1608. Da fataken Tuwat suka tambaye shi hukuncin bayin da ake kawowa daga kudu, ya yi watsi da labarin da ke jingina bauta ga baƙar fata da zuriyar Hamu. Ya lissafa Kano da Katsina da Barno da Songhai cikin ƙasashen Musulmi da ba ya halatta a bautar da mutanensu, ya kuma ce wanda ya fito daga can ya ce shi ɗa ne, a gaskata shi, mai da'awar mallaka ya kawo shaida. Fatawar ba ta soke bauta ba, ta bar waɗanda ba Musulmi ba cikin haɗari, kuma wannan tabo ne da ba za a ɓoye ba. Amma mutumin da ya tsinke igiyar da ta ɗaure launi da bauta, a lokacin da jiragen Turawa ke ƙarfafa ta a tekun Atlantika, tunanin kansa yake yi.

Saɓanin malamai har rai ya ci. A Abzin, cikin ƙarni na 16, an kashe shehin Sufaye Sidi Mahmud al-Bagdadi bayan malaman fiƙihu sun kai ƙararsa gaban Sarkin Agadas. Ba a kashe malami a kan aƙida a garin da ba a damu da aƙida ba.

Hujja ta biyar ta masu wa'azi ce: wai littattafan Shehu da kansu sun nuna kafin 1804 jahiliyya ce.

Gaskiya ne Shehu ya lissafa zaluncin sarakunan Hausa, gaisuwa da kuɗin ƙasa da jangali da ƙwacen gado, kuma yawancin abin da ya faɗa ya faru. Sai dai a duba wurin wa ya yi karatu. An haife shi a Maratta a 1754, cikin Nijar ta yau. Ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, shi kuma Jibrilu ya karɓi ijaza a Alƙahira daga Murtala az-Zabidi. Hujjojin da Shehu ya kafa a Sirajul Ikhwan daga amsoshin Magili ga Askiya ya ɗauko su, bayan shekara 300. Sukar haraji da cin hanci ya same ta a Shurbuz Zulal, aikin wani limamin Barno na ƙarni na 18. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukh don ya lissafa malaman da suka karantar da su, Muhammadu Bello kuma ya cika babukan farko na Infaƙul Maisur da sunayen malaman Barno da Abzin da Katsina da suka gabace su. Wanda ya ce babu komai kafin jihadi ya ƙaryata shugabannin jihadin kansu. Ruwa ba ya tsami banza, ilimin Degel, garin Shehu, ma yana da mafari.

Su kansu ba su rufe ƙofar gardama ba. Shehu ya saɓa wa malaminsa Jibrilu a kan kafirta Musulmi da manyan zunubai, ya rubuta hakan a fili tare da girmama shi. Da Shehu Laminu al-Kanemi ya aiko daga Barno yana cewa saɓo ba kafirci ba ne, kuma babu ƙasar Musulmi da ta kuɓuta daga bidi'a, Bello ya amsa masa, ya kuma adana wasiƙun abokin hamayyar a cikin littafinsa. Katsinawan da suka kafa Maraɗi da Gobirawan da suka kafa Tsibiri sun tafi da limamansu da alƙalansu.

Hujja ta shida ita ce mafi ƙarfi: in haka ne, ina injin ɗab'i, ina masana'antar bindiga, me ya sa aka ci ƙasar?

A nan masu da'awar suna da rabin gaskiya. Ba a kafa ɗab'i ba, don haka littafi ya zauna da tsada, ilimi ya taƙaita a gidajen malamai. Amma wannan hali ne na duniyar Musulmi kusan gaba ɗaya: Istambul ba ta fara buga littafin Turkanci da haruffan Larabci ba sai 1729, Masar sai da aka kafa Bulaƙ a farkon shekarun 1820. Bindiga kuwa saye ake yi, sau da yawa da bayi, kuma wannan ciniki ya cinye ƙarfin ƙasar. Rauni ne na gaske, kuma ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine ya same shi a buɗe a 1899, ya auka wa Lugu ya ƙone Birnin Ƙonni. Sai dai rashin nasara a fagen yaƙi hujja ce a kan makami da tattalin arziki. Ba ta isa ta zama hujja a kan cewa mutane ba su yi tunani ba, kuma waɗanda suka ƙone Ƙonni ba makaranta suka zo buɗewa ba.

Abin da ya sa maganar barci ta daɗe a Yamai shi ne shaidun suna cikin Larabci da ajami, masu karatun lakwal kuma da Faransanci aka horar da su, masu Larabcin kuwa galibi littattafan Gabas aka sa a gabansu. Birnin da ya zama hedkwata a 1926 yana riƙe da maganin wannan giɓi. A Cibiyar Binciken Ilimin Ɗan Adam, IRSH, akwai rubuce-rubucen hannu kimanin 4,000, waɗanda Boubou Hama ya fara tarawa daga Agadas da Tawa da Damagaram da Sayi da ƙasashen maƙwabta. A nan kuma CELHTO take, mai tattara tarihin baka tun 1968, ga Jami'ar Musulunci ta Sayi a garin Alfa Mahaman Jobbo, tafiyar kilomita 50 da ɗoriya. Aikin da ke jiran waɗannan wurare a bayyane yake: a horar da ɗaliban tarihi su karanta rubutun Magariba da ajami, a fassara amsoshin Magili da fatawar Ahmad Baba da wasiƙun Bello da al-Kanemi zuwa Hausa da Zabarmanci da Faransanci, a kuma sa su cikin littattafan lise, a babin da ake karanta Luther da Gutenberg.