Mu Kai Yaranmu Fadama Kafin Godiyar Kaka

'Yan'uwa, kowace shekara yaran makarantar Lahadi suna ɗaukar doya da damin dawa zuwa gaban majami'a ranar godiyar kaka. Amma yawancin yaranmu na Kawo, Malali da Unguwar Rimi ba su taɓa ganin dawa a tsaye a gona ba. Waɗanda iyayensu ke koyar da su a gida ma sun fi kowa zama cikin ɗaki.

Mun san dalili. Tun da aka sace ɗalibai 39 a kwalejin gandun daji ta Afaka a watan Maris 2021, babu uwar da ke son jin an ce za a fita da yara bayan gari. Ba mu ga laifinsu ba. Sai dai gona ba ta yi mana nisa ba. Masu noman rani suna nan a bakin kogin Kaduna, cikin gari, suna shuka alayyafo, tumatir da latas.

Abin da Bill Mollison da David Holmgren suka tsara a Ostareliya wajen 1978, wato noman da ba ya kashe ƙasa, kakanninmu sun daɗe suna yin rabinsa. Suna haɗa gero da wake a kunya ɗaya, domin saiwar wake tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ba sa sare gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina, ya bar wa shuka rana da taki. A Maraɗi, daga 1983, Tony Rinaudo na mishan ɗin SIM ya shawo kan manoma su daina ƙone kututture, su riƙa gyara tohonsa. Yau ana lissafin itatuwa kusan miliyan 200 da suka dawo a Nijar ta wannan hanya. Yaron da ya ji haka yana tsaye cikin kunya ba zai ƙara ɗaukar noma aikin wanda ya faɗi jarrabawa ba.

Shawararmu ga dattawan ikkilisiya: Asabar ɗaya da safe, yara kaɗan, iyaye biyu ko uku tare da mu, a nemi izinin mai gona tukuna kuma a biya shi lokacinsa. Kowane yaro ya dawo da irin zogale, mu haƙa ramin takin gargajiya a bayan majami'a da ɓawon doya da kashin kaji.