Agadas: baƙon da ya wuce da wanda ya maƙale



Duk wanda ya san Agadas kafin 2016 ya san ranar Litinin. Motocin Hilux ne jere a bakin gari suna jiran rakiyar soja zuwa Dirku, kowace da baƙi masu nufin Libiya ashirin da wani abu a baya, ƙafafu na reto, kowa ya rungume sandar da aka kafa masa tsakanin cinyoyi kada gyangyaɗi ya yar da shi cikin hamadar Tenere. Sandar nan saye ake yi. Haka jarkar ruwa da aka ɗinke cikin buhu, da rawani, da tabarau. Mai geto, wato gidan da ake saukar da baƙin, ya samu, ɗan kamasho ya samu, mai tuwo ma ta ƙara tukunya. A wancan lokaci ban cika jin an ce ɗan Gambiya ko ɗan Senegal ya dame mu ba.

Sai ga doka mai lamba 2015-36 da ta haramta safarar baƙin haure, da hannun Tarayyar Turai a bayanta. Aka kama direbobi, aka tsare motoci, aka yi wa masu barin sana'ar alkawarin jarin sefa miliyan ɗaya da rabi, kaɗan ne suka gani a hannu. A 2017 aka rufe haƙar zinariyar Jado, a 2021 kamfanin yuraniyom na Cominak ya rufe a Akokan. Aiki ya ja baya, amma mutane ba su fasa zuwa ba. Aljeriya na zubar da su kusa da Asamaka, su tako kilomita 15 cikin rairayi. 'Yan Sudan da suka tsero daga Libiya tun ƙarshen 2017 aka ajiye su a sansani bayan gari, wanda ya ƙone a Janairun 2020 bayan an tarwatsa zaman dirshan ɗinsu.

Daga nan ne harshe ya sauya. A majalisar shayi sai ka ji ana cewa sun cika mana gari, su ake ciyarwa mu muna kallo. Ƙorafin ba na banza ba ne. Ƙidayar 2012 ta ba Agadas mutum wajen dubu 118, yau kuwa gari ya miƙe, har da unguwar da ake kira Misrata, sunan wani birnin Libiya. Famfo na kwana a bushe, wuta na ɗaukewa cikin tsananin zafi. To amma baƙon da aka jibge a sansani ba shi ya hana a ƙara bututu ba. A ganina laifinsa ɗaya: ya zo babu kuɗin mota.

Kada kuma mu manta, cikin waɗanda Aljeriya ke korowa akwai namu, matan Kance da 'ya'yansu. Can su ma baƙin haure ake ce musu.

A Nuwamban 2023 gwamnatin Janar Tiani ta soke dokar. Litinin ta dawo, masu ɗinkin jarka sun koma bakin aiki. Motocin da ke kwaso korarru daga Asamaka kuwa ba su daina shigowa ta hanyar Arlit ba.