Dariya a Gefen Gadon Majinyaci



Akwai wani wasan kwaikwayo na talabijin daga Amurka mai suna Scrubs, wanda tashar NBC ta fara nunawa a watan Oktoba na 2001, aka ci gaba da shi har 2010, zango 9, kashi 182. Ya samo sunansa daga tufafin aikin nan marasa ado da likitoci ke sawa a asibiti. A da sai a faifan DVD ake samunsa. Yanzu guntayensa ne ke yawo a wayoyin ɗalibai, musamman masu karatun likita da na jinya. Labarin wasu sababbin likitoci ne, J.D. da Turk da Elliot, da suka fito daga jami'a suka faɗa hannun wani babban likita mai kaifin harshe, Dakta Cox, a wani asibitin koyarwa na ƙage. Bill Lawrence, wanda ya ƙirƙiri wasan, ya ɗauko wasu daga cikin labaran ne daga bakin abokinsa na jami'a, Dakta Jonathan Doris, kuma an ɗauki mafi yawan wasan a cikin wani tsohon asibiti na gaske da aka rufe.

Bari in fara da abin da malamin Islamiyya ba zai tsallake ba. A cikin wasan akwai batsa a magana, akwai shaye-shaye, akwai cuɗanyar maza da mata irin wadda tarbiyyarmu ba ta yarda da ita ba. Ba na ce wa kowa ya je ya nema. Sai dai hani kaɗai ba ya amsa tambaya, kuma tambayar tana da amfani: me ya sa yaron da ya tashi a Goronyo ko Rabah, wanda ko rabin barkwancin Turawan ba ya kamawa, zai zauna ya kalli asibitin da bai yi kama da namu ba ko kaɗan?

Amsata ita ce: wasan ya nuna likita yana jin tsoro. A kashi na farko J.D. bai iya ko soka allura da kansa ba, sai ma'aikatan jinya ke rufa masa asiri. Mu kuwa mun saba ganin likita daga ƙasa, muna tsugune a baranda da kati a hannu, shi yana wucewa da farar riga. Ba mu taɓa tunanin cewa a daren farko na aikinsa hannunsa ya yi rawa ba. Duk wanda ya taɓa zama sabon shiga, ko ranar farko ta tsayawa gaban aji, ko ranar farko ta jan sallah a gaban dattawa, ya san wannan rawar hannu.

Sannan mutuwa ba ta nisa a wasan, kuma a nan ne ya fi ƙarfi. A kashi na 4 na zangon farko an ba kowanne daga cikin sababbin likitocin uku majinyaci guda, aka sa mai kallo ya zaci ɗaya ne zai rasu. Duka ukun suka rasu. Ta hannun J.D. wata tsohuwa ce mai ciwon ƙoda wadda ta ƙi wankin ƙoda, ta ce ta shirya. Yaron ya rubuto jerin abubuwan da ya kamata mutum ya yi kafin ya bar duniya don ya ja ra'ayinta, ashe duk ta yi su. A ƙarshe ita mai tafiyar ce ta koma tana lallashin likitanta. A zango na 5, a 2006, Dakta Cox ya yi gaggawar dasa wa majinyata uku sassan jikin wata mata da ta rasu, ba a san tana ɗauke da ciwon haukan kare ba, su ma duka suka mutu. Irin wannan ya taɓa faruwa da gaske a Amurka a 2004. Gwanin da kowa ke shakka ya fice daga asibitin, ya koma gida ya rungumi kwalba. To a tsakanin irin waɗannan ne ake zuba shirme da tsokana, har da mai sharar asibitin da ya ɗaura wa J.D. karan tsana ba gaira ba dalili. Wanda ya taɓa jinya ya san wannan dariyar. A ɗakin da ake kwana da majinyaci, bayan ƙarfe biyun dare, wani zai faɗi abin da ba kai ba gindi, kowa ya tuntsire, kuma babu wanda ya manta dalilin zamansa a wurin.

Yanzu mu dawo gida. Yaronmu yakan yi shekara 6 a jami'a, ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki a wuri irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda akwai manya a kansa. Daga nan hidimar ƙasa ta jefa shi asibitin wata ƙaramar hukuma. A can babu Dakta Cox da zai zage shi ya kuma gyara masa. Damina ta sauka, fadamar Rima ta cika da sauro, ana kawo masa yara jini ya ƙare saboda zazzaɓin cizon sauro. Ana kawo mai naƙuda da ta kwana biyu a gida tana jijjiga. An riga an bi ta kan jiƙe-jiƙe da mai kyamis, shi ne zangon ƙarshe. Dole ya yanke cikin mintuna: ya riƙe ta, ko ya ce a nemi mota zuwa Sakkwato, alhali ya san halin hanya da halin aljihun mijinta. Idan an tashi aiki ba shi da abokin hira da ya fahimci abin da ya gani. Mu kuma abin da muke cewa a majalisa shi ne likitocin yanzu ba su da tausayi. Wasu kam ba su da shi, wannan gaskiya ne. Amma sau da yawa abin da muke kira taurin zuciya gajiya ce da tsoro suka sa rigar izza.

Akwai wani bambanci da na daɗe ina juyawa. A asibitin Scrubs an ajiye lauya na dindindin, wani bawan Allah mai yawan gumi, saboda a can mutuwar majinyaci tana iya ƙarewa a kotu. A nan dangi za su ce kwana ya ƙare, su yi wa likita godiya, su ɗauki gawarsu. Wannan rahama ce babba. Imani da ƙaddara yana ba likita Musulmi wurin ajiye nauyin da ya kai Dakta Cox ƙasa: ka yi iyakar saninka, rai ba a hannunka yake ba. Sai dai wannan kalma mai daraja tana iya zama bargon lulluɓe sakaci, kuma malamanmu ba su bar ƙofar a buɗe ba. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin ba. Ibnu Rushd, wanda shi kansa likita ne kuma alƙali Bamalike, ya kawo a Bidayatul Mujtahid cewa likita idan ya yi kuskure diyya tana hawa. Abin da wasan ya yi daidai shi ne ya sa kuskure ya yi zafi. An ga mutum ya ƙware, ya yi niyyar alheri, ya yi kuskure, kuma abin ya hana shi barci. Mai imani ya fi cancanta da wannan rashin barcin, domin ya san akwai wata tambaya bayan ta hukumar asibiti.

Girmama wannan sana'a ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837 kuma kabarinsa ke Wurno, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, kuma da Baturen nan Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, cikin abin da Sarkin ya nema daga Ingila har da likita. Tun kafin shi Imam Gazali ya lissafa likitanci cikin farillan kifaya, ya kuma koka da yadda ɗalibai ke cunkoso a kan fiƙihu alhali gari guda ba shi da likita Musulmi. In da ya ga yadda mata a ƙauyukanmu ke jinkirta zuwa asibiti don babu mace da za ta duba su, da kukansa ya ƙaru.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne masu shirya wasanninmu. A kudu an yi Clinic Matters, wasan barkwanci na likita da ma'aikatan jinyarsa, mutane suka karɓe shi. Arewa24 ta nuna da Daɗin Kowa cewa mutanenmu za su bi dogon shiri shekara da shekaru in har sun ga kansu a ciki. Amma a yawancin finafinan Hausa likita yana fitowa ne minti ɗaya: ya buɗe ƙofa, ya cire tabarau, ya ce sai haƙuri, ko ya ce albishirinka matarka na da juna biyu. Ga labari nan zube ba mai ɗauka. Yarinya 'yar Rabah da ta dawo gida da shaidar likita, gwaggonta na kiranta da sunan yarinta a gaban majinyata. Tsohon ma'aikacin jinya da ya fi sabon likita sanin aiki nesa ba kusa ba, amma dole ya ce masa ranka ya daɗe. Dattijon da ya ƙi allura yana cewa shi ƙarfe ba ya cin sa. Da daren da janareta ya mutu ana tsakiyar ɗinki, mai gadi ya shigo da gudu yana haska fitilar wayarsa.