A bar masana su gama duba ƙasan teku

A 1989, masana daga Jamus suka ja wata garma a ƙasan tekun Fasifik, daura da gaɓar Peru, a zurfin kusan mita 4,000, don su ga ko wurin zai farfaɗo. Da aka koma a 2015, sawun garmar na nan raɗau kamar jiya aka yi huɗa, kuma halittu da dama ba su dawo ba.

Duk da haka kamfanoni sun ƙwallafa rai a kan haƙar ma'adinai a yankin Clarion-Clipperton, tsakanin Hawai da Meziko. Can ƙasa, cikin duhu da sanyi, duwatsu ne zube kamar dankali bayan tono, ɗauke da manganis da nikel da kobalt da ake haɗa batir da su. Dunƙule ɗaya sai ya shekara miliyan kafin ya ƙara kaurin 'yan milimita. Wani bincike na 2023 ya lissafa nau'in halittu fiye da 5,000 a yankin, kusan kashi 90 cikin ɗari ko suna ba a raɗa musu ba tukuna. Wa ke rushe ɗakin da bai leƙa cikinsa ba?

Yarjejeniyar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ce arzikin ƙasan tekun da ke wajen iyakokin ƙasashe gadon bil'adama ne baki ɗaya. Ke nan har mutumin Damagaram da bai taɓa ganin teku ba yana da haƙƙi a ciki.

Najeriya mamba ce a hukumar kula da ƙasan teku da ke Kingston, Jamaika. Muna kira ga wakilanmu su goyi bayan jingine haƙar ma'adinan nan har sai masana sun kammala aikinsu.