Saƙon "An Gama Ajiya" Ba Shaida Ba Ne

Wasiƙu sun taru gare mu daga akawuna da magatakarda, tambayarsu kuwa ɗaya ce: in manhajar adana imel ta aiko da saƙo cewa an gama kwafin ajiya, ko mutum ya iya sakin jiki? To, jama'a, a'a. Abin da saƙon nan ya ke shaidawa shi ne manhaja ta kai ƙarshen aikinta. Bai ce wasiƙu duka sun shiga ba, balle ya ce za su buɗu ran da a ke bukatarsu.

Ga inda ɓarna ta kan ɓuya. Outlook ya kan tara wasiƙu cikin fayil guda, watau PST. In yana buɗe sa'ad da a ke kwafi, sai ya riƙe fayil ɗin, waɗansu manhajoji su tsallake shi, su kwashe sauran tarkace, sa'an nan su ce an gama. Mai amfani da IMAP kuwa, asalin wasiƙunsa suna can uwar garke. In bai sa a sauko da su dungum ba, mai yiwuwa abin da ke kwamfutarsa sunan mai aikowa ne da batu kaɗai, shi kuma za a kwafa.

Shirun manhaja ma ba alamar lafiya ba ne. Ran 31 ga Janairu 2017 wani ma'aikacin kamfanin GitLab ya share bayanai bisa kuskure. Da aka je ɗauko ajiya, sai aka tarar wurin wayam. Ashe kwafin ba ya yiwuwa tun tuni, imel ɗin gargaɗi kuwa uwar garke tana ƙin karɓarsa, ba wanda ya gani. Sai wani kwafi na sa'a 6 kafin nan ya cece su, abin da aka shigar a tsakani ya salwanta.

Saboda haka gani ya kori ji. A rufe Outlook kafin kwafi. A buɗe rahoton manhaja a duba abin da ta tsallake, a gwada yawan wasiƙun akwati da na ajiya. Sa'an nan, ko sau ɗaya a wata, a maido da ajiyar a wata kwamfuta dabam, a zaɓi tsohuwar wasiƙa mai takarda maƙale, a buɗe takardar. In PST ya ƙi buɗuwa, akwai Scanpst na gyaransa, amma fa a kwafe fayil ɗin tukuna, a yi gyaran bisa kwafin.